Ganyen da Na Kawo wa Inna

Wata biyu ke nan da aka dawo da Inna gida daga bayan gari, sai yau na ɗauki alƙalami. Gara dai in rubuta. A gidanmu babu mai saurarena, kuma in na yi shiru labarin Gwaggo ne zai zauna, shi 'yan unguwa za su riƙa gaya wa 'ya'yansu.

Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna. Shekarar da aka ce kowace unguwa ta Wurno ta ba da yarinya ɗaya a kai makarantar 'yan mata a Sakkwato, a kaina abin ya faɗa, domin Baba manomin albasa ne, ba shi da mai tsaya masa a gaban hakimi. Na yi shekarun da na yi a can, na gama, na dawo gida ina jiran a tura ni koyarwa. Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta a Magarya, ba ta sake kirana da sunana ba. Malama take ce mini, tana jan kalmar a bakinta sai ka ce tana cire ƙaya daga tafin ƙafa. Inna kuwa dama ba ta faɗin sunana saboda kunyar 'yar fari. "Ke wagga" take cewa, kuma ban taɓa jin zafin haka ba.

Cikin sanyin da ya wuce aka kawo wani Baturen gona yana awon fadamarmu, wai za a haƙa hanyoyin ruwa. Ya zo da matarsa. Ita kuma tana so ta riƙa shiga gidaje tana koya wa mata wankan jarirai da rufe randa, ga shi ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. Sai aka aiko wa Baba daga gidan hakimi cewa a ba da ni in riƙa yi mata tafinta. Baba bai so ba. Bai kuma iya cewa a'a ba.

A bayan gidan da aka sauke su Baturiyar ta yi lambu. Kabeji da karas na san su tun a makaranta. Amma akwai wani abu da take ji da shi fiye da kome, seleri take ce masa. Ganyensa kore shar, mai tsage-tsage, ƙamshinsa tsakanin ɗoɗɗoya da maganin asibiti, yana hawa kai. A cikin dogon rami aka shuka shi. Da ya kai kamu guda, sai ta sa aka bi kowane gindi aka naɗe shi da tsohuwar jaridar ƙasarsu, aka ɗaure da zare, aka turo ƙasa aka rufe, ganyen kawai aka bari a waje. Na tambaye ta dalili. Ta ce don kada rana ta ga karan, ya yi fari, ɗacinsa ya ragu.

Tun kafin in koma gida ranar leburorin lambun sun kai labari cikin gari: matar Bature tana naɗe abu da takarda mai rubutu, ta ɗaure da zare, ta binne. Duk wanda ya girma a garinmu ya san irin abin da ake naɗewa da rubutu a ɗaure a binne. Ni ma na sani. Dariya na yi, ina ganin na wuce wurin.

Inna tana da ciwon ɓarin kai tun ina ƙarama. In ya taso sai ta ɗaure kai da ƙyalle tamau, ta kwanta rabin yini, ta tashi ta ci gaba da aikinta. Wata rana na ba Baturiyar labari. Ta ce ai kakarta da seleri take maganin ciwon kai da na gaɓoɓi, yana wanke jini, yana sa fitsari. Da bazara ta kama aka tone shi, ta cika mini kwando. Ta ce karan ake ci ɗanye da ɗan gishiri, ganyen kuwa biyu ko uku sun isa miya.

Na shigo gida da hantsi da kwandon a ka, ina jin kaina kamar likita. Inna tana banɗaki, motar Baturiyar kuma tana jirana za mu Rabah. Gwaggo ce a tsakar gida tana kaɗi. Na ce, "Gwaggo, ki gaya wa Inna maganin kai ne. Karan ake ci, farin. Ganyen kaɗan ake sa wa miya."

Ba ta ɗago ba. Mazarinta ya ci gaba da juyawa. Har yau ban san ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Ita ta ce ban ce mata kome ba.

Da la'asar na dawo na tarar da tabarma a tsakar gida, an jera dunƙule-dunƙule koraye suna bushewa. Na gane nan take. Haka kowace mace a Wurno take yi da ganyen albasa: a daka, a matse, a dunƙula, a shanya, a sami gabun miya har damina.

"Albasar taki ba ta yi kai ba," in ji Inna. "Na duba gindin, ba kome, sai wani kara hwari awa wanda bai taɓa ganin rana ba. Na ba awaki. Lawashin dai ban bari ya lalace ba."

Da tsakar rana ta yi aikin, a fili, babu inuwa. Hannuwanta har gwiwa sun yi kore da ruwan ganyen, bai ma gama bushewa ba. Na ce ai Inna karan shi ne abincin. Ta yi dariya ta ce to awaki sun gode wa matar Bature.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. A kan cinyarta akwai guntun jarida mai ƙasa-ƙasa da wani baƙin zare, ta ciro su daga ƙasan kwandon. Ta miƙo mini da yatsu biyu.

"Malama, karanta muna. Sunan wa anka rubuta?"

Na duba. "Tallar sabulu ce, Gwaggo."

"To. Sabulu. Shi na anka naɗe, anka ɗaure, anka binne wata guda, sannan anka ba ki ki kawo gidan ubanki. Lalle sabulun ga shina da daraja."

Ta ninke takardar ta soke a bakin zane.

Washegari Inna ta jefa gabun nan har biyu a miyar kuka, yadda ta saba yi da na albasa. Baba ya yi loma ɗaya ya maido akushi daga zaure. Ƙannena suka tofar. Inna ta ci nata, ta haɗa da abin da aka rage, saboda ba ta zubar da tuwo, kuma saboda na ce magani ne. Tana ci tana yamutsa fuska tana murmushi.

"Ke wagga, maganin naki da ɗaci."

Kwana biyu bayan dakan, hannuwanta suka tashi. Jajayen layuka daga wuyan hannu zuwa gwiwa, daidai inda ruwan ganyen ya gangara, sannan suka yi ƙuraje masu ruwa kamar ƙunar mai. Na shafa mata man shanu. Gwaggo tana kallo. Kallon nata ya fi zagi ciwo.

Rana ta biyar kan ya kama.

Na san ciwon kan Inna kamar yadda na san muryarta, wannan ba shi ba ne. Duk kan ne ya ɗauka, ba ɓari ɗaya ba. Jikinta ya yi zafi rau, ta yi amai sau uku kafin hantsi, kuma duk wanda ya ɗaga asabarin ƙofa haske ya shigo sai ta yi ƙara. A makaranta wata ma'aikaciyar asibiti ta taɓa koya mana wani gwaji, muka yi ta yi wa juna muna dariya. Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Inna, sunkuyo, haɓarki ta taɓa ƙirji." Ba ta iya ba. Na sa hannu a ƙeyarta zan ɗago kan, sai kafaɗun duka suka biyo, wuyan ya tsaya kamar icce, gwiwoyinta suka naɗo sama. Ta yi wata ƙara da har yanzu ina jinta in gida ya yi tsit.

Na fito tsakar gida. Na ce, "Sanƙarau ne."

Gwaggo ta tashi da saurin da ban san tana da shi ba, ta make mini baki da bayan hannu.

"Tohe yawu! Wa ka hwaɗin sunan ga cikin bazara?"

A garinmu ba a ambatarsa. In ya shiga gida kuma labari ya fita, duba-gari zai zo, a ɗauki marar lafiya a kai shi bukkokin zana da ake kafawa a bayan gari, a hana mutanen gidan shiga mutane. An yi haka a wajen Giyawa, labarin ya iso mu da ƙari iri-iri. Don haka kowa ya gwammace ya kira ciwon da wani suna. Mu kuwa a gidanmu ba a sha wahalar neman suna ba, yana nan a shanye kan tabarma.

Aka kira Baba daga fadama inda yake kwasar albasa. Ya shiga ya duba Inna, ya fito ya tsaya a bakin rijiya. Na durƙusa na gaya masa abin da na gani, na ce akwai allura da ƙwaya a asibitin gari, in an yi da wuri ana tashi.

"Ana tashi," in ji Gwaggo. "Na Giyawa da anka kai, duka sunka dawo da ƙahwahunsu? Kai kuma dubi hannun matarka. Ciwon da taka hwaɗi shina ƙona hannu? Hwaɗa muna, Malama, tunda ke ad da littahi."

Littafin bai ce kome a kan hannu ba.

Na ce, "Awaki sun ci karan, ga su can lafiya lau."

"Ba da sunan akuya anka binne shi ba."

Ta ciro takardar daga bakin zane ta miƙa wa Baba. Ya juya ta, ya sake juyawa, bai san sama da ƙasanta ba. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa baƙon da aka kama a bayan rumbu.

"Tun da anka kawo uwarki gidan ga ba ta taɓa hita da rana ba," ya ce. "Kina so maza su ɗauke ta su ratsa gari da ita, su aje ta ga bukka awa wadda ba ta da kowa? Kin kawo muna ganye. Ya isa. Kak ki ƙara kawo muna wani abu."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na je tabarmar na ɗauki gabu guda na cusa a baki, na tauna a gabansu. Ɗaci da ƙamshin suka cika mini hanci, hawaye suka zubo, na haɗiye da ƙyar. Na ce, "Ga shi na ci. In shi ne, ni ma ya kama ni."

Gwaggo ta taɓe baki. "Mai kawo abu ai an ba ta makarinai tun can."

Da azahar wanzami ya zo ya yi wa Inna ƙaho a ƙeya, ya yi tsaga biyu-biyu a gefen goshi. Aka karɓo rubutu, ni na riƙe kanta aka ɗura mata, rabi ya zube. Ban raina rubutu ba, da shi aka raine ni. Amma ina kallon wuyan nan yana ƙara lanƙwasa baya, kuma ta fara kiran uwarta da ta rasu tun ban da wayo.

Da la'asar nawa kan ya fara sarawa.

Ban gaya wa kowa ba. Na zagaya bayan rumbu na tsuguna, na kai haɓata ƙirji. Ta taɓa. Na ɗago, na sake. Na yi haka ya fi sau ashirin. Ban ci kome ba tun safe sai gabun nan, na yi kuka, na tsaya cikin rana, kowanne cikinsu zai iya sa ciwon kai. Amma a bayan rumbun nan duk karatuna ya gudu ya bar ni. Na ce a raina, to in Gwaggo ce ke da gaskiya fa? In ni na kashe uwata da kwando guda na ganye, don kawai ina so a ce 'yar makaranta ta kawo abin da ba a sani ba?

Gari ya waye Inna ba ta gane kowa. Na ɗauki mayafi na fita ba tare da na yi sallama da kowa ba, na nufi gidan Baturiyar. Na same ta a baranda tana rubuta wasiƙa. Na tambaye ta kai tsaye ko ganyenta yana sa ciwon kai.

Dariya ta yi. Ta ce wa ya gaya mini wannan shirme. Sai kuma ta ɗan yi tunani ta ce, to, akwai waɗanda bai karɓe su ba, wata ƙawarta in ta ci bakinta yakan yi ƙaiƙayi, amma ciwon kai ita ba ta taɓa ji ba.

Na gaya mata zancen hannuwan. Ta ce, af, wannan sananne ne, in ruwansa ya zauna a fata rana ta buga yakan yi ƙuna, shi ya sa mahaifinta yake sa safar hannu in zai tone shi. Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na tsaya ina kallon bakinta. Ta sani. Ta cika mini kwando, ta ga irin ranar garinmu, ba ta ce mini kome ba. Ta ce ai ba ta zaci wani zai daka shi a turmi ba, wane irin mutum ne yake daka seleri?

Na ce uwata ce.

Sannan na gaya mata zancen wuyan. Murmushin ya ɗauke. Ta miƙe, kujerar ta faɗi, ta ja baya har bango, ta rufe hanci da baki da hankici. Ta cikin hankicin ta ce in tafi wurin malamin asibiti yanzu-yanzu, kuma kada in sake zuwa gidan sai an aiko mini. Wata huɗu ina bin ta gida-gida ina juya maganarta, ina shan hararar tsofaffi dominta. Ko ruwa ba ta ce in sha ba. Ina fita na ji tana kiran kuku ya wanke inda na tsaya.

Asibitin garinmu ɗaki biyu ne da rumfa. Na kai bakin rumfar na kasa shiga. Na tsaya gindin wata bishiyar bedi, na daɗe, ina tuna fuskar Baba a bakin rijiya. Ban taɓa tsallake maganarsa ba tun da aka haife ni. Wata mata da ta san Inna ta wuce ta dube ni sama da ƙasa, na san kafin in koma gida labarin ya riga ni. Wannan ne ma ya tura ni ciki. Na ce tunda an gan ni, an gan ni.

Malamin asibitin dattijo ne, mutumin Sakkwato, yana naɗe bandeji. Ya saurare ni bai katse ni ba.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya da safe, Malam."

"Kuma sai yanzu?" Ya ajiye bandejin. "Ubanki ya san kin taho?"

Na ce a'a.

"In na zo gidanku ba ni ɗaya za ni zo ba. Kin san haka, ɗiyata?"

Na ce na sani.

Suka zo kafin azahar, shi da duba-gari da ɗan doka ɗaya da maza huɗu ɗauke da gadon kara. Unguwa ta fito. Baba ya tsaya a ƙofar zaure ya buɗe hannuwa, ɗan dokan ya yi masa magana a hankali, ya ambaci hakimi, hannuwan suka sauka. Maza baƙi suka shiga har ɗakin Inna. Gwaggo ta lulluɓe ta da zane biyu tun daga kai har ƙafa don kada a ga fuskarta, sai abin ya zama kamar gawa aka fito da ita. Wasu mata a maƙwabta suka fara salati da kuka.

Da na zo wucewa ta zaure Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

"Kin tona man asiri gaban gari," ya ce. "Daga yau ba ni cin abin da hannunki yat taɓa."

Bukkokin suna can bayan gari kusa da wata tsamiya, jere guda. An ce mutum ɗaya zai yi jinya. Gwaggo ta ce ita ce, ba ta barin matar ƙanenta a hannun wadda ta kai ta can. Ni kuma na zauna a bakin bukkar na ƙi tashi, har malamin asibitin ya gaji ya ƙyale mu duka biyu. Ya yi wa Inna allura, ya ba da farar ƙwaya a riƙa niƙawa ana ɗura mata, ya ce ruwa kada ya yanke mata.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, Gwaggo ta yi jinya. Ita take juya Inna, ita take wanke ta, ita take zuwa rijiya da tulu duk da ciwon gwiwarta. Tana son Inna, ban taɓa shakka ba. Ni ce dai ba ta yi wa magana sai da habaici, ta bango. In na niƙa ƙwayar sai ta karɓa ta shinshina kafin ta bari a ba ta.

A bukkar da ke kusa da tamu akwai wani makiyayi daga wajen Magarya, a ta gaba kuma wata tsohuwa mai sai da daddawa. Na nuna wa Gwaggo su na ce, "Waɗannan fa? Su ma ganyen Baturiya suka ci?"

"Nasu daga Allah na," ta ce. "Namu ta hannunki yab biyo."

Makiyayin ya rasu a rana ta uku da zuwanmu. Na ga an fito da shi da hantsi.

Ranar na tare malamin asibitin a gindin tsamiya na tambaye shi. Ya ce ganye ba ya kawo sanƙarau, ta numfashi ake ɗauka, kuma kowace bazara sai ya zo, tun kafin a haifi matar Baturen. Na ce to ciwon kai fa, zai iya sawa? Ya ce bai sani ba, bai taɓa ci ba, bai kuma taɓa ganin wanda ya ci ba sai mu. Na ce to mi ya sa duk gidan Inna kaɗai ya kama, ita da ta daka, ita da ta fi kowa ci? Ko ƙunar da ranar da ɗacin sun raunana ta ne har ciwon ya sami hanya?

"Ɗiyata, wanga ban iya ce miki i, ban iya ce miki a'a. Abin da nis sani, da kin ƙara yini guda da uwarki ba ta kai yau ba."

Na riƙe rabin maganarsa na biyu. Rabin farkon ne yake hana ni sakewa.

Rana ta bakwai zazzaɓin ya sauka. Inna ta buɗe ido ta dubi zanan bukkar, ta dubi Gwaggo, ta nemi kunu. Gwaggo ta fashe da kuka, ni ma haka, kowa a kusurwarta. Sai na ce, "Inna, sannu." Ba ta juyo ba. Na matsa kusa na sake faɗa da ƙarfi. Gwaggo ta ɗauki tasa ta zagaya bayanta ta sake ta a kan dutse. Har mutanen bukkar gaba suka leƙo. Inna tana ta kallon ƙofa, ko gira ba ta motsa ba.

Malamin asibitin ya ce ciwon yakan tafi da ji, wani lokaci ya dawo, wani lokaci bai dawo ba. Wata biyu ke nan bai dawo ba.

Yanzu a gidanmu ƙwaryata daban, ludayina daban. Baba yana amsa gaisuwata da kai, bai ƙara ba. In na fita, mata suna janye 'ya'yansu daga hanya. A unguwa labari biyu ake bayarwa, kuma duka ni ce a ciki: wadda ta kawo wa uwarta abin da aka binne, da wadda ta kira maza suka fitar da uwarta da rana. Ba mai ba da na uku, cewa kiran nan ne ya sa Inna ta dawo da ranta. Baturiyar ba ta sake aikowa ba, na ji an ce sun tafi hutu ƙasarsu. Sauran gabun Gwaggo ta kai bayan gari ta ƙone tare da takardar. Da ma ta bar mini guda, in kai wa wani mai sani in na koma Sakkwato, ya gaya mini abin da ke ciki.

Jiya da la'asar Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana kallon hannuwanta. Ƙurajen sun warke, sun bar baƙaƙen layuka daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Yanzu in za ta yi magana da ƙarfi take yi, don ba ta jin kanta. Ina tsince shinkafa a gefenta sai ta taɓa ƙafata.

"Ke wagga!" Har zaure an ji. "Ganyen ga na?"

Ban da hanyar gaya mata zancen numfashi, ko makiyayin Magarya, ko safar hannun uban Baturiya. Ba ta karatun boko, ni kuma duk abin da na sani a baki yake. Na girgiza kai. Na sake girgizawa da ƙarfi har ɗankwalina ya zame.

Idonta ya wuce kafaɗata. Na juya. Gwaggo tana tsaye a bayana da muciya a hannu, tana gyaɗa kai a hankali.

Inna ta dube ni, ta dubi Gwaggo, ta sake dubana. Sannan ta ja zane ta rufe hannuwan ta ce, "To. A ba ni ruwa."

Ba ta ce wa ba. Duka biyu muka nufi randa, na riga Gwaggo. Na cika moda na kawo, ruwan yana zuba a ƙafata. Inna ta karɓa ta sha rabi ta miƙo mini. Gwaggo ta fizge modar ta watsar da sauran a gindin bango, ta je ta ɗauraye ta sau uku.